Gwajin sabon tsarin gwamnati a kan mutane na gaske: ga inda gizo ke saƙar

A gundumar Udaipur ta jihar Rajasthan a Indiya an yi fama da wata matsala wadda duk wanda ya taɓa hulɗa da ma'aikatar gwamnati ya santa, wato ma'aikaci yana karɓar albashi amma in ka je ba ka samunsa. Masu bincike sun zagaya ƙananan asibitocin karkara suka tarar fiye da rabin lokutan da ya kamata a ce a buɗe suke, a kulle suke, nas ɗin ba ta nan. Sai wata ƙungiya mai zaman kanta, Seva Mandir, ta haɗa kai da hukumar lafiyar gundumar da masana tattalin arziki su Abhijit Banerjee da Esther Duflo da Rachel Glennerster, aka kawo wata 'yar na'ura mai buga kwanan wata da lokaci a takarda, nas za ta riƙa bugawa dan a san ta zo aiki kuma ta zauna, in fashinta ya yi yawa a zaftare mata albashi. Wasu asibitocin aka sa musu na'urar, wasu aka bar su yadda suke dan a samu abin kwatantawa.

Wata 6 na farko abin ya yi aiki sosai, nas-nas suka koma zama a bakin aiki, kuma da a nan masu binciken suka tattara kayansu suka tafi toh da yanzu ana nan ana yawo da rahoton a taruka ana cewa an samo maganin fashin ma'aikata. Amma suka tsaya. Bayan wata 16 babu wani bambanci tsakanin asibitin da ke da na'ura da wanda ba shi da ita. Me ya faru? Na'urori suka fara "lalacewa", wasu da ganinsu ka san da gangan ne, sannan babban abin, shugabannin nas-nas ɗin da kansu suka riƙa sa hannu a takardar uzuri, wai ranar kaza an tura ta wani aiki, ranar kaza akwai taro, har ranakun uzuri suka cinye dokar. Hukumar da ta amince da tsarin ita ce ta kwance masa zani a kasuwa. An wallafa sakamakon a 2008.

Ni a ganina wannan gwajin ya fi gwaje-gwaje da yawa da aka ce sun yi nasara amfani, saboda ya amsa tambayar da ba a ma yi niyyar yi ba. An fita dan a auna ko na'ura za ta zaunar da nas, sai aka dawo da awon ita hukumar lafiyar, wa ke da iko a cikinta, wa ke kare wa, kuma har ina take iya jure canji. Wannan ba za ka taɓa gano shi a ɗakin gwaji na jami'a ba, ko da tambayar mutane ra'ayinsu a fom.

Dalilin da ya sa ake fita fili ke nan tun asali. Mai haɗa magani yana da ɗaki mai ƙofa, yana iya riƙe komai cak ya canza abu ɗaya. Wanda ke son ya san ko sabon tsarin karɓar haraji ko sabuwar hanyar ɗaukar malamai za ta yi aiki ba shi da wannan gatan, ba zai iya ɗauke ma'aikata da talakawa da 'yan siyasa da ƙungiyar ƙwadago ya sa su a ɗaki ba, dole ya bi su inda suke. Donald Campbell, wani masanin halayyar ɗan adam a Amurka, tun 1969 ya yi ta kiran cewa a riƙa ɗaukar duk wani garambawul na gwamnati a matsayin gwaji, kuma ya lura da wani abu da har yau yana nan, cewa jami'in da ya riga ya rantse wa jama'a cewa tsarinsa zai yi aiki ya shiga tarko, ba zai iya yarda a auna tsarin da gaskiya ba dan in ya faɗi da shi zai faɗi.

Hanyoyin da ake bi kusan gida biyu ne, kuma mutanen gidajen nan ba sa cika ga maciji da juna.

Gida na farko su ne masu ƙuri'a. A ɗauko ƙauyuka ko makarantu ko mutane, a bar kwamfuta ta raba su biyu kan mai uwa da wabi, a ba wa rabi sabon tsarin, rabi a bar su, bayan wani lokaci a auna. Hikimar ita ce tunda ba wani ne ya zauna ya zaɓa ba, rukunin biyu kusan iri ɗaya ne ta kowace fuska, masu ƙwazo da ragwaye, masu hali da marasa shi duk sun rabu daidai, dan haka in an ga bambanci daga baya tsarin ne ya kawo shi. Misalin da kowa ke kawowa shi ne Progresa na Meziko da aka fara a 1997 zamanin shugaba Ernesto Zedillo, wanda Santiago Levy yana cikin manyan da suka tsara shi, ana ba iyaye mata kuɗi bisa sharaɗin yara su je makaranta a kuma kai su asibiti. Kuɗin gwamnati ba zai isa a fara ko'ina lokaci ɗaya ba, sai suka mayar da ƙarancin ya zama dama, ƙauyuka 506 aka sa a binciken, 320 suka fara karɓa, 186 suka jira layinsu, aka kuma ba wata cibiya ta waje, IFPRI, aikin tantancewa. Da jam'iyyar da ta shekara 71 tana mulki ta faɗi zaɓe a 2000, sabuwar gwamnatin Vicente Fox ba ta soke shirin ba kamar yadda aka saba yi wa shirin magabata, suna kawai aka canza masa zuwa Oportunidades a 2002, kuma alƙaluman da ke ƙasa suna cikin abin da ya kare shi. Ya kai har 2019 kafin gwamnatin López Obrador ta rushe shi, wanda shi ma darasi ne, hujja tana sayen lokaci amma ba ta fi ƙarfin siyasa ba. A 2019 ɗin ne kuma aka ba Banerjee da Duflo da Michael Kremer kyautar Nobel saboda wannan salon binciken.

Gida na biyu su ne masu abin da za a iya kira lab mai rai. Su ba ruwansu sosai da raba mutane biyu, abin da suke yi shi ne a ɗauki unguwa ko asibiti ko ofis na gaske a mayar da shi wurin gwaji, a zauna da waɗanda za su yi amfani da abin, ma'aikata da 'yan ƙasa da kamfanoni da malaman jami'a, a ƙirƙiro tare, a gwada, a gyara, a sake gwadawa. Ana yawan jingina asalin tunanin ga William Mitchell na jami'ar MIT, amma a Turai ya samu gindin zama, a 2006 lokacin da Finlan ke riƙe da shugabancin Tarayyar Turai aka kafa ENoLL, ƙungiyar da ta haɗa irin waɗannan lab ɗin. Denmak ma a 2002 ta kafa MindLab, wani ɗan ofis a cikin gwamnati da aikinsa shi ne ya fito da manyan ma'aikata daga bayan teburi ya kai su su ga yadda dokar da suka rubuta take wahalar da mai ƙaramin kasuwanci ko matashi mara aiki.

Masu ƙuri'a suna cewa 'yan lab mai rai labari kawai suke bayarwa, babu rukunin kwatance, toh ta yaya ka san abinka ne ya kawo canjin? Kuma waɗanda ke zuwa zaman tattaunawar galibi masu lokaci ne da ilimi da bakin magana, wanda ya fi buƙatar hidimar yana can yana neman na kansa. Su kuma 'yan lab suna cewa ku masu ƙuri'a kuna auna abin da aka riga aka gama tsarawa ne, za ku gaya mana ya yi ko bai yi ba amma ba za ku gaya mana me ya kamata a gwada tun farko ba. Dukkansu da gaskiyarsu, kuma ni dai ina ganin rigimar ta fi amfanar masu rubuta takardun jami'a fiye da mai jiran hidima, domin ɗaya na neman dabara ne ɗaya na tantance ta.

Akwai ma wani amfani na gwajin fili da ba ya cikin lissafin kowannensu. A Istokholm babban birnin Suwidin an gwada harajin cunkoso daga Janairu zuwa Yulin 2006, duk motar da za ta shiga ko ta fita daga tsakiyar gari a lokutan aiki sai ta biya. Kafin a fara yawancin mutane ba sa so, jaridu na ta caccaka. Da aka fara zirga-zirgar motoci ta ragu da kusan kashi 20 cikin 100, aka tsayar da harajin a ƙarshen Yuli motoci suka fara dawowa, a Satumba aka yi ƙuri'ar raba gardama mazauna birnin suka ce a ci gaba, ya zama doka ta dindindin a Agustan 2007. Ta fuskar kimiyya gwajin ba tsaftatacce ba ne, birni ɗaya ne, an kuma ƙara motocin bas a kusan lokacin. Amma gani ya kori ji, mutane sun ɗanɗana da kansu, kuma ra'ayinsu da ya canza yana cikin sakamakon.

Toh yanzu ga inda matsalar take, kuma nan ne ya kamata duk mai karanta rahoton "gwajinmu ya yi nasara" ya tsaya ya yi tambayoyi.

Tambaya ta farko, wa ya gudanar da shi? A Kenya binciken farko ya nuna cewa in aka ɗauki malaman kwantiragi na ɗan lokaci aka ƙara a makarantun firamare, sakamakon yara yana ƙaruwa. Gwamnati ta ce za ta ɗauki irinsu 18,000. Sai wasu masana, cikinsu akwai Tessa Bold da Mwangi Kimenyi da Justin Sandefur, suka yi wata dabara mai kyau, suka ɗauki makarantu 192 suka raba, wasu ƙungiyar agaji ta World Vision ce za ta ɗauki malamin ta biya shi, wasu ma'aikatar ilimi ce, wasu kuma ba a ba su kowa ba. Kwantiragi iri ɗaya fa. Inda ƙungiyar ta riƙe, makin yara ya tashi. Inda gwamnati ta riƙe, sifiri. Albashi yana makara, ƙungiyar malamai ta ƙasa ta tayar da ƙayar baya tana neman a mayar da su ma'aikatan dindindin, malaman da ke hannun gwamnati suka fahimci cewa sharaɗin kwantiragin nan ba zai ɗore ba, shi ke nan abin da ke sa su dagewa ya tafi. Wato abin da binciken farko ya auna ba "malamin kwantiragi" ba ne zalla, malamin kwantiragi ne a hannun ƙungiyar da ke biya kan lokaci kuma ba ta tsoron yajin aiki. Gwamnati ba za ta iya zama wannan ƙungiyar ba.

Sai a ina aka yi shi. Babu ƙasar da ta kai Sin yawan gwada tsari a ƴan wurare kafin a baza shi, Shenzhen da aka ware a 1980 a matsayin yankin tattalin arziki na musamman ita ce shahararriya. Amma da Shaoda Wang da David Yang suka bi ɗaruruwan irin waɗannan gwaje-gwajen na shekaru da dama, sai suka ga fiye da kashi 80 cikin 100 an yi su ne a yankunan da suka fi matsakaici arziki, kuma shugabannin yankin da aka zaɓa, da yake sun san idon Beijin na kansu kuma ƙarin girma na iya biyo baya, sukan karkato kuɗi da ƙarfi su zuba wa gwajin. In aka zo bazawa ƙasa baki ɗaya babu wannan kuɗin babu wannan idon. Wannan ba halin Sin kaɗai ba ne, ko'ina mai shirya gwajin somin-taɓi yakan nemi wurin da shugabansa ke da himma, ma'aikatansa na da kai, saboda ba ya son ya ji kunya, kuma ta haka yake ɓata amsar da ya fita nema.

Akwai kuma abin da ba ya bayyana sai abu ya yi girma. A Faransa an gwada ba matasa masu digiri da suka daɗe ba aiki taimako na musamman wajen neman aiki, kuma Bruno Crépon da abokan aikinsa suka tsara shi da wayo, a yankuna 235, wani yankin ba a taimaki kowa ba, wani kashi 25, wani 50, wani 75, wani duka. Waɗanda aka taimaka sun fi samun aiki, da a nan aka tsaya sai tafi. Amma da aka kwatanta yankuna sai aka ga wani ɓangare babba na ribar daga bakin maƙwabtansu aka ƙwato, musamman inda ayyuka suka yi ƙaranci, layin aka sake jerawa kawai, guraben ba su ƙaru ba.

Ita kuma gwamnati ba ta tsayawa cak dan kana bincike. Finlan ta gwada biyan kuɗin rayuwa ba sharaɗi a 2017 da 2018, marasa aiki 2,000 'yan shekara 25 zuwa 58 da Kela, hukumar inshorar jin daɗin jama'a ta ƙasar, ta zaɓa da ƙuri'a, kowa yuro 560 a wata ko ya samu aiki ko bai samu ba. Ana tsakiyar gwajin, a farkon 2018, sai ita gwamnatin dai ta kawo sabuwar doka mai tsaurara wa sauran marasa aiki, in ba ka nuna kana motsi ba a rage maka alawus, wato ta taɓa rukunin kwatancen da hannunta. Da rahoton ƙarshe ya fito a 2020 an ga masu karɓar kuɗin sun yi aikin kusan kwana 6 fiye da sauran a shekara, sun kuma ce sun fi samun kwanciyar hankali, amma raba tasirin kuɗin da tasirin sabuwar dokar ya zama aiki. Na lardin Ontario a Kanada ma ko nan bai kai ba, mutum 4,000, an tsara shekara 3, aka fara a 2017, gwamnati ta canza a 2018, sabon firimiyan lardin Doug Ford ya soke shi, mutanen da suka gina lissafin rayuwarsu a kan alƙawarin aka bar su a tsaye.

Wannan ya kawo mu maganar haƙƙi, wadda masu bincike wani lokacin suke wucewa da sauri. Wanda ya shiga gwajin magani yana sa hannu, yana iya fita. Ɗan ƙasa fa? A Finlan waɗanda ƙuri'a ta faɗa kansu dole ne, ba a tambaye su ba, sai da majalisa ta yi doka ta musamman aka kuma duba ko hakan bai saɓa wa daidaiton da tsarin mulki ya tanada ba. A Toronto kamfanin Sidewalk Labs, ɗan uwan Google, ya samu izini a 2017 zai gina unguwar zamani a Quayside cike da na'urorin tattara bayanai, sai mutane suka fara tambayar wa zai mallaki bayanan kuma wa ya ba da izinin a mayar da mai wucewa a titi abin nazari, Ann Cavoukian tsohuwar kwamishinar kare sirrin jama'a ta Ontario da ke ba su shawara ta ajiye aikin a 2018, a Mayun 2020 kamfanin ya janye yana cewa rashin tabbas na tattalin arziki ne. Amma kar a ɗauka ƙuri'a kullum zalunci ce. A jihar Oregon ta Amurka a 2008 kuɗin inshorar lafiya na talakawa na mutum kusan 10,000 ne kawai, kusan 90,000 suka yi rajista, aka jefa ƙuri'a, kuma gaskiya in abu bai isa kowa ba ƙuri'a ta fi a bar wa mai hanya ko mai saurin zuwa layi. Sannan mu tuna, tsarin da aka ƙaƙaba wa ƙasa gaba ɗaya ba tare da gwaji ba shi ma ai gwaji ne a kan mutane, bambancin kawai ba wanda ke aunawa.

Mafi sauƙin gwaje-gwajen su ne na ɗan zunguri, irin wanda tawagar nazarin ɗabi'a ta BIT da gwamnatin David Cameron ta kafa a Birtaniya a 2010 ƙarƙashin David Halpern ta shahara da shi, a canza jimla ɗaya a wasiƙar haraji, a ce mutum 9 cikin 10 suna biya kan lokaci, a ga ko masu jan ƙafa za su biya. Arha ne, ba ya buƙatar doka, ba ya taɓa albashin kowa. Stefano DellaVigna da Elizabeth Linos sun tattara gwaji 126 da ofisoshin zunguri biyu suka yi a Amurka, wanda ya shafi mutum miliyan 23, waɗanda aka wallafa da waɗanda ba a wallafa ba duka. A mujallun jami'a zunguri yana ƙara kusan mutum 8.7 cikin kowane 100, a ainihin aikin gwamnati 1.4 ne. Babban dalilin gibin shi ne mujalla ta fi son sakamako mai ƙyalli, wanda bai nuna komai ba yana kwana a durowa. 1.4 ɗin ba abin rainawa ba ne in wasiƙar miliyoyi za ta je wa kuma kusan kyauta ce, amma minista da aka sayar wa 8.7 zai ga kamar an yaudare shi.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne bibiyar da suka yi daga baya tare da Woojin Kim. Suka koma birane 30 na Amurka da suka yi gwaji 73, suka tambaya, bayan an gama an ba ku sakamako, kun ci gaba da amfani da sabuwar wasiƙar? Kashi 27 cikin 100 ne kawai. Kuma ƙarfin sakamakon bai cika yin tasiri ba wajen ɗauka ko bari, abin da ya fi yin tasiri shi ne ko wasiƙar dama can ana aika ta. In gyara aka yi wa takardar da ofis ya saba turawa duk shekara, akwai mai ita, akwai kuɗinta a kasafi, sai gyaran ya zauna. In sabuwar takarda ce da aka ƙirƙiro dan gwajin, ranar da masu bincike suka tafi ranar take mutuwa, dan ba ta cikin aikin kowa.

Su kansu ofisoshin gwajin haka suke rayuwa a gefen ma'aikata, ba su da kasafi mai kauri, ba su da ikon tilasta wa kowa, ransu na hannun wanda ya kafa su. BIT an cire ta daga cikin gwamnati a 2014 ta koma kamfani. MindLab da ƙasashe suka yi ta zuwa koyo a wurinta, a 2018 gwamnatin Denmak ta rufe ta bayan shekara 16, ta karkata ga wani sabon kwamiti da aka ɗora wa harkar fasahar dijital.